Yadda ake zana faralelogiram, a auna shi, a yi aiki da shi a lissafi da fiziks

Ka samo sanduna huɗu, biyu masu tsawon santimita 8, biyu masu santimita 5. Ka huda bakin kowace, ka haɗa su da ƙusoshi yadda doguwa za ta fuskanci doguwa, gajeriya ta fuskanci gajeriya. Yanzu ka tura kwana ɗaya da yatsa. Siffar za ta kwanta, ka ja ta ta miƙe, ka sake turawa ta kwanta ta ɗaya ɓangaren, alhali babu sandar da ta ƙaru ko ta ragu. Kowane hali ta shiga, abin da ke gabanka faralelogiram ne: siffa mai gefe huɗu wadda kowane gefe nata yake tafiya daura da wanda ke fuskantarsa, ko an ja su har ina ba za su haɗu ba.

Wannan motsin shi ne mabuɗin duk abin da ke tafe. Tsawon gefuna kaɗai ba ya tsayar da faralelogiram wuri ɗaya. Dole a ƙara sanin abu na uku: ko kusurwa ɗaya, ko tsawon dayagonal ɗaya, wato layin da ke ƙetarawa ta ciki daga kwana zuwa kwanar da ke fuskantarta. Yawancin kurakuran da ake tafkawa a takardar jarrabawa, a ɗakin gwaji, ko a wurin gini, daga manta wannan abu na uku suke fitowa.

Abubuwan da ba sa canjawa

A sa wa kwanoni suna A, B, C, D, ana zagayawa bi da bi, ba tare da tsallake ba. Gefunan da ke fuskantar juna tsawonsu ɗaya: AB daidai da DC, AD daidai da BC. Kusurwoyin da ke fuskantar juna ma ɗaya ne. Kusurwoyi biyu maƙwabta kuwa idan aka tara su digiri 180 suke bayarwa, don haka wanda ya san kusurwa ɗaya ya san huɗun: idan A digiri 60 ce, C ma 60, B da D kowace 120. Dayagonal ɗaya yana raba siffar zuwa alwatika biyu masu girma ɗaya, kuma dayagonal biyun suna yanka juna a daidai tsakiyarsu. Yuklid, wanda littattafan Larabci ke kira Uƙlidis, ya yi aiki a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ya kawo hujjar daidaiton gefuna da kusurwoyi da rabuwar siffar gida biyu a mas'ala ta 34 ta kashin farko na littafinsa na ilimin siffofi.

Murabba'i mai dari faralelogiram ne da kusurwoyinsa suka zama digiri 90. Rombus kuma wanda gefunansa huɗu suka zama ɗaya. Murabba'i ya haɗa duka biyun. Duk ƙa'idar da ta yi aiki a kan faralelogiram ta yi aiki a kansu, amma ba a juya maganar: daidaiton tsawon dayagonal biyu na murabba'i mai dari ne, haɗuwarsu a digiri 90 na rombus ne, kada a ɗora wa faralelogiram gama-gari ko ɗaya daga ciki.

Zana shi da rula da kamfas

Kayan aiki: rula, kamfas mai ƙarfin gaɓa wanda ba ya buɗewa da kansa, ma'aunin kusurwa, da fensir mai tauri da aka feƙe sosai. Za mu zana mai gefe 8 da 5, kusurwar A digiri 60.

Ka ja AB, santimita 8. Ka ɗora tsakiyar ma'aunin kusurwa a kan A, layin sifirinsa ya kwanta a kan AB, ka ɗiga alama a digiri 60. A nan ake fara tuntuɓe, domin ma'aunin yana da jerin lambobi biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu. Ka bi jerin da sifirinsa yake kan AB. Idan ka bi ɗayan, 120 za ka zana kana zaton 60 ce. Ido ma zai gaya maka: digiri 60 ta fi kusurwar littafi tsukewa.

Ka ja layi daga A ta kan alamar, ka yanke santimita 5, nan ne D. Saura C. Ka buɗe kamfas santimita 5, ka kafa tsininsa a B, ka zana ɗan baka a sama ta wajen dama. Ka buɗe shi santimita 8, ka kafa a D, ka zana wani baka ya yanka na farko. Mahaɗarsu ita ce C.

Abu biyu ne ke lalacewa a wannan mataki. Na farko, musanya buɗin kamfas: idan ka yi 8 daga B, 5 daga D, siffar da za ta fito gefunanta masu tsawo ɗaya maƙwabtan juna ne maimakon masu fuskantar juna, kuma babu layin da ya yi daura da wani. Ka tuna BC ɗan'uwan AD ne, DC ɗan'uwan AB. Na biyu, bakan biyu idan aka ci gaba da su wuri biyu suke haɗuwa, ɗaya a kowane ɓangare na layin BD. Ka ɗauki mahaɗar da ke can ƙetaren BD, nesa da A. Ɗayar tana ba da siffa mai sarƙaƙƙun gefuna.

Kafin ka yarda da zanenka, ka auna BD. Ya kamata ya zama santimita 7 cif, AC kuma wajen 11.4. Kuskuren milimita ɗaya na kaurin fensir ne. Ya kai milimita uku, ka koma ka duba kusurwar.

Idan babu ma'aunin kusurwa a hannu amma an ba ka dayagonal, aikin ya ma fi fita daidai, don kamfas ya fi ma'aunin kusurwa riƙon amana. Ka zana alwatika ABD da gefuna 8, 5 da 7, sannan ka nemo C kamar yadda aka yi a sama. Idan kuwa dayagonal biyu aka ba ka da kusurwar da ke tsakaninsu, misali 10 da 6 a digiri 30, ka ja layin 10, ka nemo tsakiyarsa, ka ratsa shi a nan da wani layi a digiri 30, ka yanke 3 ta kowane ɓangare, ka haɗa bakuna huɗun. Wannan ita ce hanya mafi sauri duka.

Girman fili: tsayi daban, gefe daban

Ƙa'idar ita ce gindi sau tsayi. Tsayi a nan shi ne tazarar da ke tsakanin gindi da gefen da ke samansa, a auna ta a miƙe, digiri 90 da gindi. Gefen da ya jingina ba shi ne tsayi ba, kuma wannan ne kuskuren da ya fi kowane yawa a kan wannan siffa. Dalilin ƙa'idar ana iya ganinsa da almakashi: ka yanke alwatikan da ke gefen hagu ta bin layin tsayi, ka kai shi gefen dama ka manna, sai ga murabba'i mai dari mai gindi ɗaya da tsayi ɗaya.

A zanenmu, tsayi shi ne 5 × sin 60° = 5 × 0.866 = 4.33 (sin, da 'yan'uwansa cos da tan, lambobi ne da kalkuleta ke bayarwa ga kowace kusurwa). Fili kuma 8 × 4.33 = 34.64 murabba'in santimita. Wanda ya yi 8 × 5 ya samu 40 ya ƙara wa filin sama da kashi 15 cikin ɗari. Ka koma ga sandunan nan ka kwantar da su zuwa digiri 30: tsayi ya zama 2.5, fili ya koma 20, rabin na murabba'i mai dari. A digiri 10 filin bai kai 7 ba. Kewaye kuwa yana nan 26 bai motsa ba. Saboda haka duk wanda ya ce zai gaya maka girman fili daga tsawon gefuna huɗu kawai, ka tambaye shi kusurwa ko dayagonal.

A taƙaice fili = a × b × sin θ, inda a da b suke gefuna maƙwabta, θ kuma kusurwar da ke tsakaninsu. Ba damuwa ko ƙaramar kusurwa ka ɗauka ko babbar, sin 60° da sin 120° ɗaya ne. Idan dayagonal ka sani, fili rabin d₁ × d₂ × sin na kusurwar haɗuwarsu ne. Misalin 10 da 6 a digiri 30 yana ba da 15.

A kula da kalkuleta. Idan ka buga sin 60 ta ba ka −0.3048, tana kan ma'aunin radiyan ne, ka mayar da ita digiri. Gwajin da ya fi sauri: sin 30 dole ya ba da 0.5.

Akwai wani abu da Yuklid ya tabbatar a mas'ala ta 35 wanda hankali ke ƙin karɓa da farko. Ka riƙe gindi wuri ɗaya, ka zame gefen sama a kan layinsa zuwa dama, ko mita nawa ne. Gefunan jingine za su yi ta tsawo, siffar ta zama siririya, amma filin ba ya canjawa, tunda gindi da tsayi suna nan. Wannan ya bambanta da kwantar da sanduna, inda gefe ke riƙe tsawonsa tsayi kuma ke raguwa. Bambance waɗannan motsi biyu yana warware rikici mai yawa.

Dayagonal, da yadda ake daidaita firam

Dayagonal gajere yana fuskantar ƙaramar kusurwa, dogo yana fuskantar babbar. Da ƙa'idar kosayin:

BD² = 8² + 5² − 2 × 8 × 5 × cos 60° = 89 − 40 = 49, wato BD = 7.
AC² = 8² + 5² + 2 × 8 × 5 × cos 60° = 89 + 40 = 129, wato AC = 11.36.

Ka tara 49 da 129, ka samu 178. Ka tara murabba'in gefuna huɗu, 64 + 25 + 64 + 25, shi ma 178. Haka yake a kowane faralelogiram komai kwanciyarsa, domin abin da aka cire a ɗaya shi aka ƙara a ɗayan. Ka riƙa amfani da shi wajen duba aikinka, kuma idan ka san gefuna da dayagonal ɗaya, ɗayan ya fito ba sai ka nemi kusurwa ba. Wannan daidaito yana da nauyi har a lissafi mai zurfi: a 1935 Pascual Jordan da John von Neumann sun nuna cewa da shi ake gane ko ma'aunin tsawo a wani sararin lissafi yana ba da damar a yi maganar kusurwa.

Kafinta da magini da mai walda suna aiki da wannan ilimi kullum. A ce ana son firam ko harsashin ɗaki mai mita 4 da mita 3. An auna gefuna, masu fuskantar juna sun yi daidai. Wannan bai nuna komai ba sai cewa faralelogiram ne; zai iya kasancewa a kwance. Sai a ja tef daga kwana zuwa kwana ta ɓangarori biyu. Idan duka sun ba da mita 5, kusurwoyi sun tsaya. A ce ɗaya ya ba da 5.04, ɗayan 4.96. Bambancin murabba'insu shi ne 25.40 − 24.60 = 0.80, kuma wannan bambanci daidai yake da 4 × a × b × cos θ, wato 48 × cos θ. To cos θ = 0.0167, kusurwar ta kauce da kusan digiri ɗaya. Digiri ɗaya kamar ba komai ba, amma a kan gefe mai mita 3 ya kai kaucewar santimita 5, wadda za ta bayyana ranar da aka zo shimfiɗa tayil ko sa ƙofa.

Gyaran: ka matsa ɗaya daga cikin kwanonin dogon dayagonal zuwa ciki, kaɗan kaɗan, kana sake aunawa. Abin da ɗaya ya rasa ɗayan ke samu, don haka rabin bambancin kawai za ka nema, santimita 4 a wannan misali. Da zarar sun daidaita ka buga sanda a karkace daga kwana zuwa kwana kafin ka saki. Sandar ta mayar da siffar alwatika biyu, shi kuma alwatika gefunansa uku sun isa su tsayar da shi. Dalilin ke nan ake ganin ƙarafa a gicce a jikin gadoji, hasumiyoyin wutar lantarki, da bayan kabad. Gargaɗi ɗaya: ka fara tabbatar da gefuna kafin dayagonal. Siffar da samanta ya fi gindinta gajarta, gefunanta biyu suka jingina ciki daidai wa daida, ita ma dayagonal ɗinta ɗaya ne, alhali ba ta da kusurwa ko ɗaya mai digiri 90.

A kan takardar giraf

Idan an ba ka kwanoni uku da lambobinsu, ba ka bukatar kamfas. A ce A(1, 2), B(7, 3), D(3, 6). Daga A zuwa B an yi taku 6 zuwa dama, 1 zuwa sama. Ka yi wannan takun daga D, ka sauka a C(9, 7). A gajarce C = B + D − A. Don dubawa, tsakiyar AC ita ce (5, 4.5), tsakiyar BD ma (5, 4.5). Wannan gwajin tsakiya ya fi kowane sauƙi wajen tabbatar da cewa ɗigo huɗu faralelogiram ne, babu tushen murabba'i, babu rabawa da sifiri.

Amma ka karanta tambaya da kyau. Ɗigo uku da ba a faɗi jerinsu ba suna karɓar amsa uku: (9, 7), (5, −1), da (−3, 5), gwargwadon wane ɗigo ne zai fuskanci na huɗun. Jerin haruffa ne ke zaɓa.

Fili ma yana fita kai tsaye. Takun AB shi ne (6, 1), na AD (2, 4). Ka ninka a gicce ka cire: 6 × 4 − 1 × 2 = 22. Wannan lamba ita ake kira ditaminan na matiris, wato jadawalin lambobin da takun biyu suka kafa, kuma ma'anar ditaminan ke nan a ilimin siffofi: sau nawa aka faɗaɗa filin murabba'in da tsawon gefensa 1 ne. Idan ka juya jerin ka samu −22, filin dai 22 ne, alamar cirewa tana nuna ta wane hannu ka zagaya. Idan ka samu sifiri, takun biyu suna kan layi ɗaya, siffar ta kwanta gaba ɗaya.

Ga wani gwaji da ya cancanci minti biyar. Ka zana kowace irin siffa mai gefe huɗu, komai karkacewarta, muddin gefunanta ba su sarƙe ba. Ka nemo tsakiyar kowane gefe ka haɗa su bi da bi. Faralelogiram ne zai fito, filinsa rabin na babbar siffar, kewayensa kuma jimlar dayagonal biyunta. Sakamakon yana ɗauke da sunan Pierre Varignon na Faransa, an buga shi a 1731 bayan rasuwarsa. Sirrin shi ne kowane gefe na ƙaramar siffar yana daura da dayagonal ɗaya na babbar, kuma rabinsa ne.

Haɗa ƙarfi biyu

A fiziks akwai abubuwan da lamba kaɗai ba ta isa ta bayyana su ba, sai an faɗi inda suka nufa: ƙarfi, gudu, tafiya daga wuri zuwa wuri. Ana kiransu bekta, ana zana su da kibiya. Ba a tara su kamar yadda ake tara kilogiram. Simon Stevin ya yi nazarin rarraba ƙarfi a kan gangara a littafinsa na 1586, Isaac Newton kuma ya sa ƙa'idar faralelogiram a matsayin sakamako na farko bayan dokokinsa uku na motsi a 1687.

A ce igiyoyi biyu suna jan zobe ɗaya, ɗaya da niyuton 40 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), ɗaya da niyuton 30, tsakaninsu digiri 60. Ka zaɓi sikeli, santimita 1 a madadin niyuton 5. Daga ɗigo ɗaya ka ja kibiya mai santimita 8 da wata mai santimita 6, digiri 60 tsakani. Dole wutsiyoyin kibiyoyin biyu su fito daga ɗigo ɗaya. Ka kammala faralelogiram da kamfas, ka ja dayagonal daga ɗigon da kibiyoyin suka fito. Wannan dayagonal shi ne haɗaɗɗen ƙarfin biyun, a kira shi R. Zai kai wajen santimita 12.2, wato kusan niyuton 61.

Da lissafi: R² = 40² + 30² + 2 × 40 × 30 × cos 60° = 2500 + 1200 = 3700, R = 60.8. Alkiblarsa daga igiyar 40: tan α = (30 × sin 60°) ÷ (40 + 30 × cos 60°) = 25.98 ÷ 55, α kuwa wajen digiri 25.3. Ka lura ta fi karkata ga babban ƙarfin. In ka samu akasin haka ka yi kuskure.

Alamar tarawa da ke cikin ƙa'idar tana rikita ɗalibai, tunda sun saba da cirewa a ƙa'idar kosayin. Dalili shi ne alwatikan da R ke ciki kusurwarsa 120 ce, ba 60 ba, kuma cos 120° daidai yake da −cos 60°. Wanda ya sa cirewa zai samu √1300 = 36.1, wanda shi ne ɗayan dayagonal ɗin, bambancin kibiyoyin biyu ke nan. Shi ma yana da amfaninsa, da shi ake nemo gudun wani abu kamar yadda mai tafiya a wani abin yake ganinsa.

Ma'aunin hankali: sakamakon ba zai wuce 70 ba, lokacin da suke ja wuri ɗaya, ba zai gaza 10 ba, lokacin da suke ja da juna. A digiri 90 yana ba da 50.

Ana kuma bin hanyar a juye, a ɗauki ƙarfi ɗaya a matsayin dayagonal a raba shi biyu. Akwati mai kilogiram 10 nauyinsa niyuton 98 ne. A kan gangara mai digiri 30, niyuton 49 ne ke jansa ƙasa ta bin gangarar, 84.9 kuma ke danna shi a jikinta. Tara 49 da 84.9 ya wuce 98, kuma ba laifi ba ne, don gefuna biyu na alwatika kullum sun fi na uku.

Inda wannan ya zama batun tsaron rai shi ne rataya kaya. Ka rataya nauyin niyuton 200 a tsakiyar igiyar da aka ɗaure bakinta biyu. Dole jan ɓangarorin biyu su haɗu su ba da dayagonal mai 200 zuwa sama. Jan kowane ɓangare shi ne 200 ÷ (2 × sin θ), inda θ take kusurwar da igiyar ta yi da layin kwance. A digiri 30 kowane ɓangare yana ɗauke da 200, cikakken nauyin. A digiri 10, 576. A digiri 5, kusan 1,150, fiye da ninki biyar na kayan. Faralelogiram ɗin ya baje, don haka sai gefunansa sun yi tsawo ƙwarai kafin su ba da gajeren dayagonal ɗin da ake bukata. Ɗaure igiya tamau yana ƙara mata wahala ne. Masu ɗaga kaya da majajjawar sarƙa saboda haka suke gudun barin kusurwar da ke tsakanin ƙafafunta biyu ta wuce digiri 120.

Gudu ma haka ake haɗa shi. Kwalekwale mai gudun mita 4 a daƙiƙa ya nufi ƙetaren kogi kai tsaye, ruwa na gudu mita 3 a daƙiƙa, faɗin kogin mita 120. Zai ƙetare cikin daƙiƙa 30, ruwa ya kai shi mita 90 ƙasa, tafiyarsa ta zahiri mita 150 a gudun mita 5. In ana so ya sauka daidai inda ya fuskanta, sai a karkata hancinsa digiri 48.6 zuwa inda ruwa ke fitowa. Gudun ƙetarawa ya ragu zuwa 2.65, tafiyar ta ɗauki daƙiƙa 45 da ɗoriya.

Gwada ƙa'idar da hannu

Ka kafa allo a tsaye, ka manna farar takarda, ka ɗaura fuli biyu a sama, wato ƙananan ƙafafu masu kwarmi da zare ke bi. Ka ƙulla zare uku wuri ɗaya. Biyu su bi ta kan fuli, ɗaya da giram 300, ɗaya da giram 400. Na uku ya sauka kai tsaye da giram 500. Ka bari ƙullin ya tsaya. Ka ɗiga alama biyu a bayan kowane zare, nesa da juna, ka cire takardar, ka ja layukan su haɗu. Da sikelin santimita 1 ga giram 50, ka yanke 6 da 8 a kan layukan sama, ka kammala siffar. Dayagonal ya kamata ya zama santimita 10, ya miƙe sama daidai da akasin zare na uku, kusurwar zaren sama kuma digiri 90.

Idan bai fito ba, ga inda ake dubawa. Gogayyar fuli tana sa ƙullin ya tsaya a wurare daban-daban. Ka ɗan ja nauyin tsakiya ka saki sau uku, ka ɗauki tsakiyar wuraren, ka sa wa fulin ɗigon mai. Kallon zare a karkace yana kautar da alama. Ka sa ɗan madubi a bayan zaren, ka matsa kai har zaren ya rufe hotonsa, sannan ka ɗiga. Nauyi kada ya taɓa allon. Maratayin nauyin shi ma yana da nasa giram, a sa shi a lissafi. Kuma nauyi na uku dole ya gaza jimlar biyun, ya fi bambancinsu, in ba haka ba ƙullin ba zai taɓa tsayawa ba.

Inda ake son ya motsa

Motsin da magini ke yaƙa shi masu ƙera na'ura ke nema, saboda duk yadda siffar ta kwanta, gefen da ke fuskantar kafaffen gefe yana nan daura da shi. Sikelin da Gilles de Roberval ya gabatar a Faris a 1669 haka yake aiki: farantansa biyu suna hawa da sauka ba tare da sun karkata ba, don haka ko a tsakiyar faranti aka ajiye kaya ko a bakinsa, awon ɗaya ne. Na'urar sauya giya ta bayan keke, da hannun share gilashin wasu manyan motocin bas, duk wannan dabara ce.

Mafi sauƙin haɗawa a gida shi ne fantogiraf, na'urar kwafar zane a faɗaɗa shi, wadda Christoph Scheiner ya ƙirƙira a 1603. Ka yanka sanduna biyu na katako siriri ko kwali mai tauri, santimita 30 daga rami zuwa rami, da rami na uku a daidai tsakiya, sai wasu biyu masu 15. Ka haɗa dogayen biyu a baki ɗaya. Ka ɗaura gajeriya ɗaya a tsakiyar kowace doguwa, ka haɗa bakunan gajerun biyu wuri ɗaya, ka sa tsinken bin zane a nan. Bakin doguwa ɗaya ka kafe shi a tebur, a bakin ɗayar ka sa fensir. Tsinken zai kasance kullum a tsakiyar layin da ya haɗa makafa da fensir, don haka duk taku ɗaya da ya yi, fensir ya yi biyu. Zanen zai ninka biyu a tsawo da faɗi, huɗu a fili.

Don ninki uku, a sandar da aka kafe ka huda rami santimita 10 daga makafa, ka ɗaura mata gajeriya mai 10. A sandar fensir ka huda santimita 10 daga mahaɗar dogayen, ka ɗaura mata mai 20. Kafin ka fara kwafa, ka ɗora rula ka tabbatar makafa da tsinke da fensir suna kan layi ɗaya a buɗe da kuma a tsuke. Idan sun kauce, wani rami bai zauna daidai ba, kuma da'ira za ta fito kamar ƙwai. Ramin da ya fi ƙusarsa faɗi yana sa layi rawa, rawar kuma tana ninkuwa a bakin fensir, don haka ka huda ramukan daidai kaurin ƙusa, ka sa washa, wato ɗan faifan zobe, tsakanin sanduna, ka riƙe fensir da sassauci kana kallon tsinken.